Shatin Igiya a Hannun Nestor

Nestor Macaraeg ya sauko daga tasi ƙafa ɗaya can, ɗaya can, yana riƙe da murfin motar da hannu biyu, har sai da direban ya leƙo ta taga.

"Bos, in kira masu keken marasa lafiya ne?"

"A'a, a'a. Ƙafa ce ta ɗan sage."

Matarsa Divina ta sallami direban, ta rataya jaka, ta saƙalo hannun mijinta. Zafin watan Mayu a Manila kowa ya san shi, tun da safe mutum yake jiƙewa sharkaf, amma ga Nestor cikin riga mai dogon hannu, ya ɓalle maɓalli har wuyan hannu. Akwai asibiti a bakin layinsu a Sampaloc, tafiyar ƙafa ce ma, amma ya rantse ba zai taka shi ba. Sai da suka ratsa gari kaf cikin cunkoson safiyar Litinin, yana cije leɓe a kowane rami, suka zo nan ƙarshen Las Piñas inda ya tabbata ba wanda ya san fuskarsa.

"A hankali," in ji Divina. "Ka jingina da ni."

"Ki daina riƙe ni kamar tsoho, mutane na kallo."

"Ba wanda yake kallonka, Nestor. Kowa da abin da ya dame shi."

Abin da ya dame shi kuwa ba abin faɗa ba ne, amma tunda an fara sai a ƙarasa. Nestor shi ne shugaban masu haɗa wayar wuta a wani kamfanin gine-gine. Daga Litinin zuwa Asabar bakinsa ba ya hutawa: kai hau can, kai sauko, wane mahaukaci ne ya haɗa wannan? Ranar Lahadi da safe kuma ga shi cikin farar riga a coci, shi ke karanta Littafi a gaban jama'a da muryar nan tasa mai kauri. Da 'ya'yansu suka tashi, macen ta yi aure a Cebu, namijin ya bi jirgin ruwa, gida ya rage daga shi sai Divina. A nan ne wata rana, bayan ya gama kewaye-kewayensa, ya buɗe baki ya faɗa mata abin da ya daɗe yana ci masa rai. So yake ta ɗaure shi. Da igiya, hannu da ƙafa, ta bar shi a kwance, kada wani ya tambaye shi komai, kada ya yanke shawarar komai, ko na rabin yini ne.

Divina ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta dubi fuskarsa sai ta daina. Satin da ya zagayo shi da kansa ya sayo igiyar auduga mai laushi, ita kuma ta zauna da wayarta ta koyi ƙulli kamar mai koyon saƙa. Suka kafa ƙa'idarsu: almakashi ba ya barin kan teburin gefen gado, kuma in ya ce "mangwaro" za ta kwance shi nan take, ba tambaya. Kowace Lahadi in an dawo coci an ci abinci, sai a rufe tagogi a kunna fanka. Manya ne, a gidansu suke, ba su ci hakkin kowa ba. Kuma a gaskiya auren da ya fara zama zaman haya ya farfaɗo, har maƙwabta suna cewa Mang Nestor, wato Malam Nestor a bakinsu, ya rage faɗa.

Matsala ɗaya ce, mafitsarar mutumin da ya haura hamsin ba ta san wasa ba. Da an gama ƙulli, ya fara samun natsuwar da yake nema, sai fitsari ya ce ga shi nan. A kwance, ya je, ya dawo, a sake ɗaurewa, duk armashin ya gudu. Sai ya karanta a waya cewa akwai robar fitsari ta waje wadda ake sa wa maza marasa lafiya, ba a zura komai ciki, sanya ta ake yi kamar kwaroron roba, da siririn tiyo da ke kai fitsarin cikin jaka. Ranar Asabar ya tashi aiki ya zarce Bambang, layin masu sayar da kayan asibiti.

Shagon a cike yake da mata masu jinya, wata na tayin keken guragu, wata na ƙirga kunzugun manya. Mai shagon ta ɗaga murya kamar a tasha, ta kira shi Kuya, wato yaya.

"Na wa za a saya, Kuya?"

"Na mahaifina ne," in ji Nestor. "Shanyewar ɓarin jiki."

Mahaifin nan fa ya daɗe a kabari, har fentin kabarin ya koɗe. Matar ta ce Allah sarki, ta miƙo masa wani ɗan kwali mai yanka-yanka, kowanne da faɗinsa.

"Ka je gida ka auna shi da wannan. In ta yi ƙanƙanta za ta matse shi, in ta yi girma za ta zame."

Nestor ya ji duk matan shagon sun zuba masa kunne. Ya ture kwalin.

"Ba sai an auna ba. Ba ni babba."

Babbar kuwa aka ba shi, kuma babbar ta yi abin da aka ce za ta yi. Ranar Lahadi da ya sa ta, ko minti ba ta yi ba ta zame. Wani mai hankali da sai ya haƙura har wani satin. Nestor sai ya jawo akwatin aikinsa ya ɗauko baƙin tef ɗin da yake naɗe waya da shi.

"Takardar da ta zo da ita ta ce kada a naɗa komai a kai," in ji Divina.

"Tun kafin ki san ni nake naɗe abu, ke za ki koya min?"

Ya naɗe tam, zagaye bisa zagaye, yadda ko ruwan sama ba zai shiga ba. Ta ɗaure shi. Can da yamma ta fara yi ya ji zugi, amma ya ce a ransa zai wuce. Zugin ya ƙaru, ya dinga murɗawa yana jan igiya har ta ci masa fata, kuma duk da haka bai ce mangwaro ba, don kada ta ce ai ta faɗa masa. Gumin da ta ga yana keto masa ne ya sa ta yaye zanen. Ihun da ta yi sai da karen maƙwabta ya amsa. Ta yanke igiya, ta yanke tef. Gabansa ya kumbura suntum, launinsa ya sauya. Ta yi roƙon duniya a tafi asibiti, ya ce ƙanƙara ta isa. Gari ya waye fitsari sai ɗigo, mararsa ta yi tauri, ya daina musu.

To, ga su a ƙofar ɗakin gaggawa. Suka ƙarasa teburin da ake karɓar marasa lafiya, nas ɗin tana duƙe tana rubutu. Ta ɗago.

"Ninong!"

Nestor ya tsaya cak. Jonalyn ce, 'yar amininsa Badong da ke gida na uku daga nasu, yarinyar da shi ya riƙe a coci ranar da aka yi mata baftisma, shi ya sa take kiransa Ninong, wato uban baftisma, matarsa kuma Ninang. Ashe watan jiya aka sauya mata wurin aiki, kuma Badong ya faɗa masa a bakin shago, shi ne bai saurara ba. Duk Manila, duk asibitocinta, sai nan!

Jonalyn ta zagayo teburin da sauri. Yarinya ce mai tarbiyya, ko a gaban wa ba za ta ga uban baftismarta ta tsaya ƙerere ba. Ta kamo hannunsa na dama, ta rusuna, ta ɗaga shi ta kai goshinta don neman albarka. Hannu ya tashi sama, hannun riga ya ja baya. Ga shatin igiya nan zagaye da wuyan hannun, ja ya haɗu da baƙi, fata ta saluɓe a gefe.

Ba ta saki hannun da wuri ba. Sai da ya janye shi da kansa.

"Allah ya yi miki albarka, 'nak," ya ce, wato 'yata a harshensu.

Ta juya ta kamo hannun Divina ita ma ta kai goshi. "Ninang." Amma idonta na kan maɓallin rigar Nestor.

"Me ya same ku, Ninong? Tun daga Sampaloc har nan?"

"Fitsari ne ya ɗan tsaya. Muna wucewa ne ta nan."

"Wucewa," in ji Jonalyn. Ta kira mai tura keke.

Likitan da ke aiki, Dok Abalos, mutum ne mai sanƙo da idon wanda bai yi barci ba. Ya ja labule, ya sa safar hannu, ya ɗaga zane. Ya daɗe yana kallo, sannan ya yi fito a hankali.

"Mang Nestor, wa ya yi maka wannan aiki?"

"Ni ne, Dok. Fitsari ke zubo min da dare, shi ne na sa robar waje. Sai ta ƙi zama, na ɗan kama ta da tef."

"Wane irin tef?"

"Na wuta."

"Na wuta! Bawan Allah, wannan ai ba kebur ba ne." Likitan ya girgiza kai. "Ka auna arziki. Da ka ƙara yini ɗaya da wani zancen muke yi. Yanzu dole in sa maka ta ciki, tunda hanya ta toshe. Ka daure."

Mutumin da ya sayi ta waje don gudun ta ciki, sai ga ta ciki har cikin mararsa. Nestor ya damƙe ƙarfen gado, ya kira sunan tsarkaka da yawa, Divina na tsaye a kansa tana shafa masa goshi. Da fitsarin ya fara gangarowa cikin jaka sai ya ji wani sauƙi da ya kusa sa shi kuka. Ya ɗauka an gama ke nan.

Jonalyn ta shigo da ƙarin ruwa, bayan an lulluɓe shi da zane. Aka cire masa rigarsa aka sa masa ta asibiti mai gajeren hannu. Ba sauran abin ɓoyewa. Hannun dama, hannun hagu. Ta ɗan ɗaga zanen daga ƙasa ta dubi idon sawu, nan ma ga shi. Ta kalli likita, likita ya kalle ta.

"Misis," in ji Dok Abalos, "ɗan jira mu a waje."

Divina ta dubi mijinta. Bai dube ta ba. Ta ɗauki jakarta ta fita.

"Wannan fa, Mang Nestor?"

"Wurin aiki ne, Dok. Waya ce ta naɗe ni."

"Waya. Hannu biyu da ƙafa biyu, daidai wa daida?"

Nestor ya ƙura wa jakar ruwan ido. Sai ga shi ana kiran likitan a gado na gaba inda aka kawo wani da ya faɗo daga babur. Ya cire safarsa ya fita.

Jonalyn ta gyara labulen, ta jawo kujera ta zauna dab da kansa. Ta rage murya.

"Ninong, ni ce fa. Ku dube ni. Ninang ce ta yi muku haka?"

Ba daga sama ta tsinci tambayar ba. Duk layinsu Kwamanda ake kiran Divina. Mace ce doguwa mai murya, ita ke riƙe albashi, ita ke leƙowa ta taga ta ce Nestor ya isa haka in sun zauna shan giya da su Badong. A kowane biki, in makirfo ya zo hannunsa, sai ya ce bari ya nemi izinin Kwamanda tukuna, a kwashe da dariya, a ce mijin-ta-ce ya yi magana. Da wannan barkwancin Jonalyn ta girma.

"Tun ina ƙarama nake ji ana faɗa," ta ce, idonta ya kawo ruwa. "Na ɗauka wasa ne. Maza ma ana yi musu, Ninong, muna ganinsu a nan, kunya ce take hana su magana. Ba laifinku ba ne. Ku ce min e ko a'a kawai."

A'a ɗin nan ba ta da nauyi, yaro ma zai iya faɗinta. Amma Nestor ya hango abin da ke bayanta. In ya ce a'a, za ta ce to wane ne, kuma daga nan sai gaskiya, a gaban yarinyar da ya riƙe tana tsumma, 'yar Badong, wadda ke zama a layi na biyu a coci tana jin karatunsa. In ya yi shiru, shi abin tausayi ne. In ya yi magana, shi tsohon banza ne. Ya auna biyun, kuma kunya ta zaɓar masa. Ya juya fuskarsa ya kalli bango. Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido ya shige kunne.

Jonalyn ta dafa kafaɗarsa. "Shi ke nan, Ninong. Ba sai kun ce komai ba."

Ta fita. Ya so ya kira ta, wallahi ya so, har ya buɗe baki, amma sai ya ce bari ya ɗan tattara kalmomin tukuna. Ta tsagar labule yana hango Divina a kan bencin roba, ta ɗora jaka a cinya, ta riƙe takalmansa a leda. Wata mata mai tabarau da katin aiki a wuya ta zo ta tsaya a kanta ta yi mata magana. Divina ta miƙe ta bi ta.

Ya kwanta yana tattara kalmomi. A gadon gefe wata tsohuwa tana ba mijinta kunun shinkafa tana yi masa faɗa a kan taba. Aka zo aka auna shi, aka tafi. Jakar fitsari ta cika aka juye. Ya ce a ransa ai Divina tana da baki, za ta san abin da za ta faɗa musu, mace ce da ko ɗan sanda ba ya taka ta. Za ta ƙirƙiro wani abu. Da wannan ya dinga lallashin kansa har aka fara rabon abincin rana, kuma ko sau ɗaya lallashin bai kama ba.

Jonalyn ta dawo, fuskarta a ɗaure.

"Ta amsa."

"Ta amsa me?"

"Ta ce ita ce. Ta ce faɗa kuka yi, kuka sha giya kuka yi barci, ita kuma ta ɗaure ku don haushi. Har tef ɗin ta ce ita ta naɗa." Jonalyn ta girgiza kai. "Ko gezau ba ta yi ba, Ninong, kamar mai ba da labarin cefane. Abu ɗaya ta roƙa, wai kada a dame ku da tambaya. Misis Tuazon, jami'ar jin daɗin jama'a, ta aika a kira ɗan sandan da ke bakin ƙofa. Yau a gidanmu za ku kwana, zan kira babana ya zo da mota."

"Kada ki kira shi!"

Tsohuwar gadon gefe ta juyo da cokali a hannu.

"Ina Divina take?" in ji Nestor.

"Ofishin jin daɗin jama'a, ƙarshen baranda. Ninong, ku kwanta, ba a gama ƙarin ruwan ba."

Ya riga ya sauko da ƙafafu. Ya ciro jakar fitsarin daga ƙugiyar gado ya riƙe a hannu ɗaya, ya kama sandar ƙarin ruwa da ɗayan. Haka shugaban masu wayar wuta, mai karatun coci, ya ratsa barandar asibiti ba takalmi, ƙafa a ware, rigar asibiti a buɗe ta baya, fitsarinsa na reto a hannunsa, masu jinya na janye ƙafafu suna ba shi hanya. Jonalyn na biye da shi tana ƙoƙarin haɗe masa rigar.

Ofishin ɗan ƙarami ne. Misis Tuazon, mai tabarau, tana bayan teburi. Ɗan sanda mai tumbi ya zauna a gefe ya cire hula. Divina na kan kujera, bayanta a miƙe, ledar takalman har yanzu a cinyarta.

"Ƙarya take yi," in ji Nestor daga bakin ƙofa.

"Nestor, koma ka kwanta," in ji Divina.

"Ba ita ba ce. Wato ita ce ta ɗaure, amma..."

"Na ce ka rufe bakinka."

"Ba zan rufe ba!" Muryar karatun coci ce ta fito, har ɗan sandan ya gyara zama. Daga nan kuma sai ta karye. Ya sunkuyar da kai ya yi wa tayil ɗin ƙasa bayani. "Ni na roƙe ta. Ni na sayo igiyar da kuɗina. Ba jiya muka fara ba, duk Lahadi ne. Ni nake so. Robar ma don kada a yi ta kwance ni na sayo ta, ba wani fitsarin kwance da nake yi. Ta yi min girma, na naɗa tef da hannuna, ta ce kada in naɗa na ƙi ji. Ita ta yanke. Ita ta ce mu zo asibiti tun jiya."

Ɗan sandan ya sami wani abin sha'awa a jikin fankar sama. Nestor yana jin numfashin Jonalyn a bayansa, bai iya waiwayawa ba, kunnuwansa kamar an zuba musu barkono.

Misis Tuazon ta sauke tabarau. Da alama ba yau ta fara jin abubuwa ba.

"Mista Macaraeg, ba tsoro ne ya sa ka faɗi haka ba? In kana so a fitar da ita mu yi magana mu biyu."

"Ba tsoro."

"Da yardarka ake yi, kowane lokaci? In ka ce a daina ana dainawa?"

"Muna da kalma. In na faɗe ta, nan take take kwance ni."

"Wace kalma?"

Nestor ya rufe ido. "Mangwaro."

Ɗan sandan ya kama tari, tari mai tsanani, har sai da ya fita waje.

"To me ya hana ka faɗe ta jiya?"

"Girman kai," in ji Nestor.

Duk da haka sai da ta fitar da Divina ta sake yi masa tambayoyin shi kaɗai, sannan ta fitar da shi ta tambayi Divina, ta ga zancen ya zo ɗaya har da almakashi. Ta rufe bironta ta ce su manya ne, amma ta ja wa Divina kunne a kan yi wa hukuma ƙarya. Dok Abalos da ya ji, ko gira bai ɗaga ba. Ya ce abin da suke yi a ɗakinsu ba ruwansa, nasa kawai kada ya sake ganin tef. A auna kafin a saya, a riƙa dubawa a kai a kai, igiya kada ta matse har yatsa ya kasa shiga, kuma in abu ya yi zafi a buɗe baki a yi magana. Ya ce a dawo a cire robar in kumburi ya saɓe.

Jonalyn ce ta cire masa allurar ruwan. Ta yi aikinta tsaf, ba ta ɗago ba ko sau ɗaya.

"Ba wanda zai ji daga bakina, Ninong. Aikina ne." Ta juya wajen Divina, fuskarta ta yi ja har wuya. "Ninang, ku yafe min. Na zalunce ku."

"Aikinki kika yi, 'nak," in ji Divina. Ta durƙusa ta sa wa mijinta takalma.

Sai da yamma suka sami tasi. Cunkoso ya riga ya kama, motoci sun tsaya cik, masu tallar ruwa da gyaɗa na ratsawa. An ɗaure masa ƙaramar jaka a ƙauri, a ƙarƙashin wando. Direban na jin rediyo, wasu na ta musu a kan ƙwallon kwando. Nestor yana jin kunya har cikin ƙashinsa, amma a ƙarƙashinta akwai wani ɗan daɗi. Ya yi abin da ya kamata, a gaban mutum huɗu, da fitsarinsa a hannu. Ya saci kallon Divina yana jira ta ce wani abu. Ita titi take kallo.

"Da kin bari sun rubuta ki," ya ce a hankali. "Kin san abin da hakan ke nufi? Da yanzu kina ofishin 'yan sanda."

"Na sani."

"To me ya kai ki? Ke da kike da baki. Ai sai ki ce ba ki san komai ba, ko ki ce su zo su tambaye ni."

"Haka na ce da farko."

"To?"

Ta juyo ta dube shi. Ba fushi a fuskarta, gajiya ce kawai, kuma da fushin ne da ya fi masa sauƙi.

"Na ce su je su tambaye ka, kai za ka gaya musu ban taɓa cutar da kai ba. Har dariya na yi, Nestor. Sai matar ta ce ai an riga an tambaye ka. Jonalyn ta tambaye ka ko ni ce, ka juya ka kalli bango." Ta gyara ledar da ke cinyarta. "Sai na gane abin da kake so in faɗa, na faɗa."

Nestor ya sunkuyar da kai.

Motar gaba ta matsa, direban ya ja kaɗan ya sake taka birki. Divina ta sunkuya ta duba ƙafar wandonsa, ta ga tiyon ya lanƙwashe, ta miƙar da shi da yatsa biyu yadda likita ya nuna mata. Sannan ta janye hannunta ta mayar da fuskarta taga.